Daga Liyari Zuwa Lu'ulu'u: Tarihin Ƙarfen Zobe a Ƙasarmu

Duk wanda yake halartar bukukuwan auren 'yan'uwanmu mazauna Abuja da Kaduna da Legas ya san cewa zoben lu'ulu'u, wanda 'yan zamani ke kira daimon, ya fara kutsowa cikin kayan lefe. Sai dai zinariyar da ake ɗora dutsen a kanta ta yi tashin gwauron zabo: ozar da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haura dala 4,000 a watan Oktoban 2025. Wannan ne ya sa samarinmu suke tambayar ko akwai wani ƙarfen da zai maye gurbinta ba tare da an ji kunyar surukai ba. Alal haƙiƙa kakanninmu na Kuberi da kewaye sun riga mu fuskantar wannan tambaya, kuma akwai darasi a cikin amsar da suka bayar.

Tushen labarin yana kasuwar Jega. Bayan rasuwar Malam Abdussalami na Gimbana a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega a gefen Gulbin Zamfara wajen 1820. Kafin ƙarshen wannan ƙarni garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, kuma zango ga fataken Gwanja masu ratsa Yawuri da Bargu su kai Salaga. Goro ne babban abin da suke ɗaukowa, amma a cikin kayansu akan sami garin zinariya na ƙasar Asante, wanda ake aunawa da miskali. Duk da haka zinariya ba ta zama ƙarfen kowa da kowa ba. Ta tsaya a gidajen sarauta da na attajirai.

Tsada kaɗai ba ta isa bayani ba, domin shari'a ma ta yi nata hukuncin. An haramta wa namiji Musulmi ado da zinariya, an halatta wa mace. Zoben Manzon Allah (SAW), wanda yake buga hatimin wasiƙu da shi, na azurfa ne, kuma halifofi sun gaje shi har ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Sayyidina Usman. Malaman Malikiyya sun yarje wa namiji zoben azurfa guda ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami 2 ba, wato kimanin giram 6, Risala kuwa ta kawo hani game da zoben baƙin ƙarfe. Saboda haka azurfa ta zama ƙarfen malami da bafatake, kuma ita ce mundaye da awarwaron akasarin iyayenmu mata.

To, daga ina azurfar take zuwa, alhali ba a haƙarta a ƙasarmu? Mafi yawanta daga kuɗi ne. Liyari, wato kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, yana ɗauke da shekarar 1780 ko da an buga shi daga baya. Nauyinsa kimanin giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa. Ya iso ƙasar Hausa ta hannun fataken Sahara, kuma da yake nauyinsa ba ya canzawa, maƙera suka amince da shi. Maƙeran baƙi su ne masu garma da fartanya da lauje. Maƙeran fari kuwa su ne masu narka azurfa da tagulla a ɗan kasko bisa wutar zugazugi, su fitar da zobba da 'yan kunne. Mace takan kai nata liyarin da kanta, a auna a gabanta, idan an gama aiki a sake aunawa.

Zuwan Turawa ya sauya lissafin. A 1913 aka fara yaɗa sulallan azurfa na Afirka ta Yamma, maƙera suka sami sabon abin narkawa. Amma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma buga sulallan da gaurayen tagulla. Mutane suka ɓoye tsofaffin, waɗanda ba su da hali kuma suka koma ga tagulla da jan ƙarfe, daga baya har da goran ruwa. Ba mu taɓa jin an fasa aure saboda munduwar amarya ta tagulla ce ba. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne ko dirhami 3 na azurfa, kuma hadisi ya tabbatar da cewa an umarci wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne ya bayar.

Su kansu Turawan da muka kwaikwayo sun sha canza ƙarfe. Kafin 1900 yawancin lu'ulu'unsu a kan azurfa ake dasa shi, a yi masa maƙari da zinariya daga baya. Da suka ƙware a narka filatinom sai suka koma kansa, saboda azurfa tana da taushi, faratan da ke riƙe dutsen sukan side. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta keɓe filatinom don kayan yaƙi, maƙeransu suka koma ga farar zinariya da faladiyom. Ita ma al'adar cewa baiko ba ya cika sai da lu'ulu'u, tallan kamfanin De Beers na 1947 ne ya yaɗa ta a duniya.

Idan muka duba da kyau, ma'auni uku kakanninmu suka yi amfani da su: abin da shari'a ta yarda, abin da za a iya sayarwa ranar buƙata, da abin da maƙerin gida zai iya gyarawa. Ma'aunan nan suna nan da amfaninsu. Farar zinariya dai zinariya ce da aka gauraya, don haka ango ya kiyaye ta. Zinariya mai lamba 18 kashi 75 cikin 100 ce zalla, mai lamba 9 kuwa ba ta kai kashi 40 ba. Azurfa mai kyau tana ɗauke da lamba 925. Titaniyom da tangistin suna da araha da ƙarko, amma maƙerinmu ba ya iya narka su ko ƙara musu faɗi. Shi kuwa dutsen, wanda ya saya a shago ya koma sayarwa ba kasafai yake mayar da kuɗinsa ba, balle yanzu da ake ƙera irinsa a masana'anta. Abin da ke saura a hannun mace ranar tsanani shi ne nauyin ƙarfen.

Ya kamata mu tuna kuma cewa zinariya tana da wani farashi da ba a rubutawa a rasit. Ana haƙarta a ƙasar Yawuri ta jiharmu, kuma a maƙwabciyarmu Zamfara gubar dalma daga wuraren niƙa duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a 2010.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwa mazauna birane da kada su ci bashi saboda zobe. Kowa ya yi rawa daidai kiɗansa. Wanda ya gaji munduwa ko zoben azurfa daga kakarsa ya adana shi, kada ya kai a narka. Muna kuma ba ƙungiyarmu shawarar ta nemo tsofaffin maƙeran fari da suka rage a Jega da Aliero da Maiyama, a naɗi bayanansu, sannan masu shirin aure su riƙa kai musu aiki idan sun zo gida. Allah Ya sanya albarka a aurarrakinmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.