Yadda Likitoci Suka Gano Ciwon Ƙwaƙwalwar da ke Farawa da Cinye Magana

A shekarar 1892, likita Arnold Pick na birnin Prague ya wallafa bayanin wani dattijo ɗan shekara 71 da maganarsa ke lalacewa sannu a hankali. Da ya rasu aka buɗe ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar ta fi motsewa a wuri guda, ɓangaren hagu daura da kunne. Wannan ya saɓa wa abin da likitocin zamanin suka yarda da shi, cewa tsufa kan sa ƙwaƙwalwa ta motse ne baki ɗaya, magana kuwa shanyewar ɓarin jiki ke ɗauke ta farat ɗaya. A 1911 Alois Alzheimer ya hango wasu dunƙulallun abubuwa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo, amma sunan Pick aka laƙaba musu.

Daga nan fannin ya yi dogon barci. Duk wanda hankalinsa ya fara gushewa, sai a jingina abin ga tsufa ko ciwon Alzheimer.

Farfaɗowar ta zo a 1975, lokacin da Elizabeth Warrington ta bayyana majiyyata uku a Landan masu magana tiryan-tiryan amma ma'anar kalmomi ta kuɓuce musu. Irin waɗannan, in aka ce su miƙo cokali, sai su tambaya, “Mene ne cokali?” Masu aikin asibiti kan ce wannan tambaya ita ce tambarin ciwon. A 1982 Marsel Mesulam ya bayyana mutum shida a Amurka da harshensu ya rushe alhali ba su manta hanya ko al'amuran yau da kullum ba. Shi ya kafa sharaɗin shekara biyu, wato matsalar magana ta kasance ita ce kan gaba tsawon wannan lokaci, sharaɗin da aka jingine daga baya.

Ƙa'idojin gano ciwon na 2011, ƙarƙashin jagorancin Maria Luisa Gorno-Tempini, sun kasa ciwon gida uku: mai ɓatar da ma'ana, mai sa magana ta fito da ƙyar tare da karya nahawu, da mai sa laluben kalma. Na ukun ya rikita lissafi, domin galibi cutar Alzheimer ce a ƙarƙashinsa. Na farko yawanci furotin TDP-43 ne a ƙarƙashinsa, wanda aka danganta da ciwon a 2006, na biyu kuwa furotin tau. Wasu majiyyata ba sa shiga ko ɗaya, kamar waɗanda Keith Josephs da Joseph Duffy na asibitin Mayo suka ware a 2012: nahawunsu lafiya lau, sarrafa leɓe da harshe ne ya gagara.

Raunin fannin shi ne mafi yawan gwaje-gwajensa kan Turanci aka gina su, sai an sake fasalinsu kafin su yi aiki a wani harshe. Har yau babu maganin da ke tsayar da ciwon. Horon magana a hannun ƙwararru shi ne abin dogaro.