Daga wuri zuwa dala: tarihin lissafi a ƙasarmu, da abin da ɗiyanmu ke tararwa a kolej



Duk shekara in sakamakon BEPC ya fito, magana guda muke ji a bakin iyaye: lissafi ne ya kada yaro. Har wasu sun fara ɗauka cewa mu dama ba mutanen lissafi ba ne. To bari mu waiwaya baya kaɗan, mu ga ko tarihi ya yarda da wannan zance.

A watan Janairun 1851 Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Tasawa, nan gabas da mu. Ya tarar ana ƙidayar wuri 500,000 na ciniki guda, ya tsaya yana kallo. Mutane sun zube wuri a ƙasa, suna jan biyar-biyar da yatsu, suna tara tsibi na 200, suna haɗa tsibi biyar ya zama 1,000. A Kano kuwa, cikin wannan shekara, ya rubuta cewa wuri 2,500 ke sayen dala guda ta azurfa. Masu wannan aiki suna da kalmominsu: hauya ashirin, zangu ɗari, zambar dubu, keso kuma wuri 20,000. Kafin ashirin da talatin su shigo mana daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku kakanninmu ke cewa.

A zauren malamai ma akwai wani lissafin, mai wuya. Duk wanda ya kai babin gado a Risala ya san rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni, ya san yadda ake nemo adadin da zai rabu ga kowa ba tare da an zalunci maraya ba. Wannan shi ne abin da mushe ke rubutawa a allo da lamba sama, lamba ƙasa, yara suna ta zufa. Shi kansa littafin aljabara na farko, wanda Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban kaso nasa a kan rabon gado da wasiyya yake. Kuma a nan ƙasar Hausa an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine, wanda a 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi, tsaye ko kwance ko karkace, zai ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu, a 1741. Masana tarihin lissafi na duniya sun san sunansa, ɗiyanmu na kolej ba su taɓa jin shi ba.

To ina aka samu tangarɗa?

Mu a ganinmu wuri biyu ne. Na farko, ƙidayar zamani da haraji ta shigo mana. Kumandan ya zauna a inuwa da takarda, mai gari ya jero magidanta, a rubuta mata, ɗiya, shanu da tumaki, kuma duk kan da aka rubuta kuɗi ne za a nema a ƙarshen kaka. Mai hankali sai ya tura saurayin ɗansa daji, ya kora rabin garkensa ƙetaren iyaka, tunda iyakar ga ta nan kusa. Wannan tsoro bai mutu ba. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012, adadi ya tashi daga miliyan 5 da ɗoriya zuwa miliyan 17 da ɗoriya, jihar Tawa kaɗai ta haura miliyan 3. Amma har gobe akwai gidan da in an ga mai riƙe da takarda sai a rage yawan yara. Alhali yanzu da wannan adadin ake yanke inda za a gina aji, inda za a kafa likita, da yawan buhun da za a aiko in an yi fari.

Na biyu shi ne harshe da kuɗi. Lakkol ta zo da faransanci da tamma, kasuwa kuwa ta riƙe dalarta. Tsabar azurfa ta tafi, sunan ya koma kan tamma biyar, har yau. Ku dubi yarinya mai tallar ƙosai a kasuwar Bangi. An miƙo mata takarda an rubuta 500, ita ta san dala ɗari ce. An ci na dala talatin da biyar, nan take ta mayar da dala sittin da biyar, ba alli ba allo. In Banajeriye ya ba ta naira, ta san canjin ranar. Kullum tana raba lamba gida biyar a kanta, ba ta ma san tana yi ba. Yarinyar nan ce za ta shiga aji a rubuta mata 500 a cire 175, a tambaye ta cikin harshen da ba a yi da shi a gidansu, ta yi shiru, a ce ba ta da kai. Haba!

An so a gyara. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, kuma kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Sai dai a kolej da lise, lissafi na nan da faransancinsa.

Inda abin ya fi damunmu shi ne fanni biyu da suka fi kusa da rayuwar manomi, su ne kuma suka fi zuwa a makare: ƙididdiga, da lissafin yiwuwar abu. Ƙididdiga sai wajen ƙarshen kolej ake taɓa ta sosai, sau da yawa a gurguje, shekara ta ƙare. Lissafin yiwuwa kuwa sai wanda ya kai ƙarshen lise. Yara nawa ne daga ƙauyukanmu ke kaiwa can? In ma sun kai, misalan littafi na ƙwallaye ja da baƙi ne cikin tulu, da karta.

Ga misali na gida. A ce gari mai gida goma. Gida tara kowa ya samu dami 20 na hatsi, alhaji guda ya samu 320. An tara, dami 500. An raba gida goma, kowa dami 50. A takarda garin nan ya ƙoshi, ba ya cikin masu neman agaji. A zahiri gida tara ba za su kai bazara ba. Yaron da aka koya wa ya jera gidajen daga ƙarami zuwa babba ya dubi na tsakiya, zai ce 20, shi ne kuma ya faɗi gaskiyar garin. Darasin kenan gaba ɗaya, bambancin matsakaici da na tsakiya, kuma da dami aka fi gane shi. Haka farashin tiya daga kaka zuwa damina, haka buhun albasa daga lokacin da kowa ya kwashe zuwa lokacin da ta yi wuya: duk mai rudun albasa a fadamun Madawa yana wannan lissafi, yana auna ribar jira da abin da zai ruɓe.

Shi kuwa manomin da ke binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, me yake yi? Ya san in ruwan farko ya zo da ƙarfi ya riga kowa, in yayyafi ne iri ya tsiro ya ƙone. Shi ya sa ba ya zuba irinsa duka, yana rage na sake shuka. Ya auna shekarun da ya gani, ya raba hatsarinsa. Turawa sai a 1654 suka fara rubuta ƙa'idar wannan fanni, lokacin da Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi musayar wasiƙu kan rabon kuɗin caca. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, a 1974, kuma hasashen damina da ake fitarwa duk shekara da kashi cikin ɗari yake zuwa. In an ce kashi 45 cikin 100 ruwa zai fi na kullum, saura 55 na nan ba su tafi ko'ina ba. Mu kuwa sai mu ji shi kamar alkawari, in bai cika ba mu ce masu hasashe maƙaryata ne. Sanin gaibu sai Allah, su ma ba su ce sun sani ba, awo suka yi.

Akwai kuma samarinmu da cacar doki da ta ƙwallo a waya. Ban da haramcinta, wanda malamai sun gama bayani, ga abin da lissafi ya ce: in doki 16 ke tsere, hanyoyin da na ɗaya, na biyu da na uku za su iya jeruwa 16 sau 15 sau 14 ne, wato 3,360. Tikiti guda, jeri guda ya kama. Ɗan aji uku na kolej zai iya wannan ninki, ba sai ya jira lise ba.

Ga malamanmu na lissafi, mun san ajinku cike yake, littafi bai isa ba, kuma sufeto tsarin karatu yake bi. Amma ranar kasuwa ba ta cin ko tamma. A sa kowane ɗalibi ya rubuto kuɗin tiyar hatsi duk mako, daga Oktoba zuwa Yuni, da dala yadda aka faɗa masa, shi ya mayar da shi tamma da kansa. Inda akwai ma'aunin ruwan sama, a nemi littafinsa wajen ma'aikatan gona, yara su ƙirga shekara nawa cikin goma ruwan shuka ya sauka kafin tsakiyar Yuni. Kafin jarrabawa ta zo suna da jadawalin garinsu a hannu, da shi za a yi musu darasin.

Mu kuma iyaye, wanda ke da tsoho a gida ya aika jika ya tambaye shi hauya nawa ke cikin zangu, zangu nawa ke cikin keso, a rubuta amsar a bayan kaye.