Tubalin Roba: Yadda Wasan Yara Ya Koma Hannun Manya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kura da Bunkure ya san cewa idan an girbe dawa, yara ke gadon kara. Su ɓare shi, su yanka totuwa, su yi ta soke-soke har mota ta fito da tayoyinta. Bayan da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya ratsa gonaki, sai laka ta samu ko da rani, aka ƙara da ginin shanu da ɗakuna. Yaran nan sun girma, wasu injiniyoyi, wasu likitoci, kuma a tafiye-tafiyensu sukan ci karo da manyan kwalayen LEGO da aka yi domin manya, farashinsu ɗaruruwan daloli. Kafin mutum ya zaɓa, ya kyautu ya san asalin abin.

Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Denmark a 1932. Tubalin roba ya zo a 1949, amma bai riƙe ɗan'uwansa sosai ba sai a 1958, da aka sa masa bututu a ƙasa. Tubalin wancan lokacin har yau yana hawa kan sabo.

Shekaru da dama yara kamfanin ke nufi. A 2003 da 2004 ya tafka asarar da ta kusa durƙusar da shi. Sabon shugabansa, Jørgen Vig Knudstorp, ya rage kashe kuɗi, aka sayar da wuraren shaƙatawa na Legoland a 2005, sannan aka kasa kunne ga manyan da ba su daina gini ba. Su ke da albashi, su ke da kewar ƙuruciya. Daga nan kwalaye suka yi ta girma: Taj Mahal a 2008 da guda 5,922, jirgin Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars a 2017 da guda 7,541 a kan kusan dala 800, jirgin ruwan Titanic a 2021 da guda 9,090, hasumiyar Eiffel a 2022 da guda 10,001.

Yawan guda na ruɗin mai saye. Hasumiyar Eiffel ƙafafu huɗu ne iri ɗaya, aiki guda ake maimaitawa, tsayinta ya kai kusan mita ɗaya da rabi, kuma ragarta matattarar ƙurar hunturu ce. Titanic ya haura mita ɗaya da kwata a kwance, sai mai dogon tebur. Falcon kuwa, wanda bai kalli fim ɗin ba tarin roba ruwan toka kawai zai gani. Kowane kwali an yi shi ne domin ya taɓo wani tunani a zuciyar mai saye, don haka tambayar farko ita ce: tunanin wa zan ajiye a falona?

A nan ne Bahaushe zai lura da giɓi. Akwai dalar Giza a jerin, amma babu Gidan Makama, babu Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da tubalin ƙasa a ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarim. Masu saye ne ke jan akalar kamfanin, mu kuwa ba mu yi yawa a cikinsu ba.

Sai dai tubalin nan ba a liƙa shi da siminti. Wanda ya duba yawan bakuna da launin ƙasa a kwali kafin ya biya, yana iya rushe abin da takarda ta umarce shi, ya tayar da soro da zankwayensa. Yaron Bunkure da ya ƙera mota da kara bai taɓa jiran takarda ba.