Yadda Aka Jera Ministoci a Zamanin Sardauna, da Wanda Ke Tuhumarsu

Mutanen Sabon Birni da Isa ba baƙi ba ne ga mulkin shawara. Tun Gobir tana da hedikwata a Alƙalawa, kafin faɗuwarta a 1808, akwai Taran Gobir, manyan masu sarauta tara da ke zaɓen sarki, kowanne da mazauninsa a fada. Sai dai sarki da 'yan'uwansu kawai suke yi wa bayani. Tsarin da talaka zai aika wakili ya titsiye mai mulki a bainar jama'a, daga Ingila ya zo.

Can ma ba dare ɗaya aka same shi ba. Robert Walpole, wanda ake ɗauka a matsayin Firayim Ministan farko, ya riƙe ragama daga 1721, amma da majalisa ta juya masa baya a 1742 dole ya sauka, ko da yake sarki na ƙaunarsa. A hankali ƙa'ida ta kafu: minista ɗan majalisa ne, kuma muƙaminsa na hannun majalisar.

A Arewa, tsarin mulkin Richards ya kafa Majalisar Wakilai da ta Sarakuna a Kaduna, amma shawara kawai suke bayarwa. Na Macpherson na 1951 ya kawo ministoci, har Sardauna Ahmadu Bello ya zama Ministan Ayyuka a 1952. A 1954 ya zama Firimiya, sannan Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959.

Jerin ya kasance hawa-hawa. Firimiya ne a sama, shi ke zaɓen sauran, shi ke raba musu ma'aikatu. Sai manyan ministoci, irin su Makaman Bida Aliyu a ma'aikatar kuɗi, wanda ke riƙon ƙwarya in Sardauna ya yi tafiya, da Isa Kaita a ta ilimi. Akwai manyan sarakuna, ciki har da Sarkin Musulmi Abubakar III, da aka naɗa ministoci marasa ma'aikata, don kada a yanke babbar magana ba da saninsu ba. A ƙasa kuma akwai ƙananan ministoci da sakatarorin majalisa, inda matasa ke koyon aiki. Ta nan Shehu Shagari ya bi a Legas: ya yi wa Abubakar Tafawa Ɓalewa sakataren majalisa a 1958 kafin ya zama cikakken minista.

Igiya biyu ce ta ɗaure ministan. Ta farko, duk abin da ya faru a ma'aikatarsa a wuyansa yake. Wakili daga Lardin Sakkwato na iya rubuta tambaya kan rijiya, ko asibiti, ko kuɗin gyaɗa. Ranar zama a zauren Lugard, mazaunin majalisar a Kaduna, ministan zai miƙe da takardar da babban sakatarensa ya shirya masa, ya karanta amsa, mai tambaya ya sake jefo wata nan take, kuma a rubuta komai. Ta biyu, bakin ministoci ɗaya ne: abin da aka yanke a ɗaki, kowa zai kare shi a waje, in ba zai iya ba ya ajiye aiki. An ga haka a Legas a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman a ba ƙasar mulkin kai zuwa 1956. Majalisar Ministoci ta yanke cewa ministoci ba za su sa baki a muhawarar ba, sai ministocin jam'iyyar Action Group huɗu suka yi murabus.

Amma igiyar ba ta da ƙarfi sai da 'yan hamayya masu yawa. A Kaduna jam'iyyar NPC ta Sardauna ta cika zauren, don haka duk zafin bakin ɗan hamayya Ibrahim Imam, ba wata ƙuri'a da za ta kayar da gwamnati. A zahiri, fushin Sardauna ministoci suka fi tsoro, ba tambayar majalisa ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rufe wannan babi. Tsarin mulkin 1979 ya ɗauko salon Amurka, na 1999 ya ci gaba da shi: Shugaban Ƙasa ke zaɓen minista, Majalisar Dattawa ta tantance, kuma ɗan majalisar da aka naɗa sai ya bar kujerarsa. Haka ake yi wa kwamishinoni a jiha, kamar a zamanin Attahiru Bafarawa, ɗan ƙaramar hukumar Isa, da ya yi gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007.

Yau Isa da Sabon Birni wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. Majalisar ba ta iya korar minista, amma doka ta ba ta ikon gayyatarsa da bincikar yadda ya kashe kuɗi. Yankin da 'yan bindiga suka hana noma da cin kasuwa ya fi kowa buƙatar a yi amfani da wannan iko. In wakilinku ya zo gida, ku tambaye shi wane minista ya sa aka kira a kan maganarku, kuma me ministan ya ce.