Ido Ko Takarda: Wa Ya Fi Gane Ɗalibi?

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun Limawa: wai da ana zaunar da yaro a yi masa intabiyu, da an bambance mai ƙoƙari da wanda aka rubuta wa. Da muka waiwayi tarihi sai muka ga ai daga can aka faro.

Lokacin da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, babu wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Turawan makarantun larduna su ke duban yaransu, su saurari bakinsu, su zaɓo. Dutse a wancan zamani gunduma ce ƙarƙashin En'e ta Kano, saboda haka sai ɗan Limawa ya bi ta hannun hakimi ya shiga elementare, ya kai Kano, kafin a ma ji muryarsa. Hanyar ta fitar da gwanaye, babu musu. Ita ta kai Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa Katsina. Amma ƙofar ƙarama ce, ɗan talakan ƙauye da wuya ya ko hango ta.

An kafa JAMB a 1978 ne domin kowace jami'a tana nata zaɓen, ɗalibi ɗaya ya sami gurbi uku, wani ya tashi a tutar babu. Takarda ba ta san ɗan wane ba, shi ne amfaninta. Da satar amsa ta yi yawa, sai minista Chinwe Obaji ta amince wa jami'o'i su sake tantancewa a 2005, wasu har da tambayoyin baka. Malam Adamu Adamu ya soke wannan a 2016, ya dawo da ita a 2017 bisa sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, cikin wannan kai-komo ta taso.

Wanda ya ɗauka intabiyu adalci ce tsantsa, ya leƙa Amurka. A shekarun 1920, da Yahudawa suka yawaita cikin masu cin jarrabawar shiga Harvard, shugabanta Lawrence Lowell ya nemi a rage su. Ƙayyade adadinsu a fili bai yiwu ba, sai aka shigo da auna "hali": wasiƙar shaida, hoto, da ganawa ido da ido. Yawansu ya faɗi. Kusan shekara ɗari bayan haka, makin hali da ake ba 'yan asalin Asiya ya sake fitowa a shari'ar da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 2023. (Marubucin da ke neman jigo, ga shi nan kwance.)

A ganinmu intabiyu tana da gurbi, amma ba ko'ina ba. Mai son shiga makarantar jinya ta Birnin Kudu ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, baki da haƙuri suna cikin kayan aikinsa, takarda kuwa ba ta nuna su. A can ya dace a zauna da shi. Sai dai a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, alƙalai su wuce mutum guda, kowanne ya rubuta makinsa kafin su haɗa baki, kuma kada a tambayi sunan uba ko unguwa. Oxford da Cambridge har yau suna ganawa da masu neman shiga, amma kan darasin da za a karanta ake tattaunawa.

Abin da ya fi damunmu shi ne harshe. Yarinyar Limawa da aka tarbiyyantar kada ta haɗa ido da babba za ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa, Turancin ya sarƙe, alhali amsar tana bakinta. 'Yar makarantar kuɗi za ta zuba Turanci ko da babu komai ciki. Idan mai jinya ake nema wadda za ta yi aiki a asibitin Dutse, inda majinyata da Hausa za su faɗi ciwonsu, a yi mata rabin tambayoyin da Hausa.