Kwamfuta Cikin Kwamfuta: Daga IBM Zuwa Sakkwato

A shekarun 1960, kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki, sayenta kuwa sai gwamnati, jami'a ko babban kamfani. Tsadar nan ce ta sa injiniyoyin IBM da ke Cambridge a Amurka suka ƙera CP-40, wadda ta fara aiki a 1967. Manhajar takan kasa na'ura ɗaya gida-gida, kowane ma'aikaci ya ga tamkar tasa ce shi kaɗai. A 1972 kamfanin ya kai dabarar kasuwa da sunan VM/370.

Da ƙananan kwamfutoci suka yi araha, sai aka jingine ta. Ƙwaƙwalwar x86 ta Intel ma ba a gina ta don wannan aiki ba, har sai da kamfanin VMware ya samo hanyar kewaye matsalar a 1999. Bafaranshe Fabrice Bellard ya saki manhajar QEMU kyauta a 2003. Daga nan ne masu ƙera ƙwaƙwalwar suka shigo: Intel ta dasa VT-x don wannan aiki a 2005, AMD ta biyo da nata a 2006. Linux ta samu KVM a 2007, Microsoft kuma ta saka Hyper-V cikin Windows 8 Pro a 2012.

A Sakkwato, ɗalibai na cin moriyar abin. Mai karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi galibi laftof ɗaya gare shi, ta hannu, aikinsa na kammala karatu kuma yana ciki. A da, in zai girka tsarin Ubuntu, dole ya ɗora ta a faifai ko filashi, ya tsaga ma'ajiyar laftof ɗin. Kuskure ɗaya, ko a ɗauke wuta batir ya mutu ana tsakiyar aiki, sai komai ya salwanta. Yanzu fayil ɗin ISO na Ubuntu kawai zai miƙa wa manhajar VirtualBox, sabon tsarin ya tashi a ƙaramar taga. In ya lalace a goge, a sake.

Abin takaicin shi ne laftof da yawa kan zo da makunnin VT-x a kashe, VirtualBox ta ƙi tayar da sabon tsarin, ɗalibi ya ɗauka na'urarsa ce ta gaza. Gyaran bai kai minti biyar ba: yayin kunnawa a danna F10 a HP ko F2 a Dell, a shiga BIOS, a kunna VT-x, ko SVM in AMD ce. Cikas ɗin da ya rage shi ne RAM, domin mai gigabait 4 sai ya rufe sauran manhajoji kafin gwajin ya tafi daidai.