Baki da Madubin Likita: Yadda Ake Gano Ciwon Bakin Masu Kanjamau a Jos

A baki cutar kanjamau take yawan fara nuna kanta. Da garkuwar jiki ta yi rauni, ƙwayoyin cutar da suka daɗe kwance a jiki sai su farka, su fito a harshe da dasashi da ganɗa.

A 1984 ne Deborah Greenspan da abokan aikinta a San Francisco ta Amurka suka bayyana wani farin tabo mai gaza-gaza da ke fitowa a gefen harshe. A 1985 aka gano ƙwayar Epstein-Barr a cikinsa, wadda tun 1964 aka same ta a ƙarin da Denis Burkitt ya lura da shi a muƙamuƙin yaran Yuganda. Shi kuwa ƙarin Kaposi, mai fitowa ja-ja zuwa baƙi-baƙi a ganɗa, sai 1994 aka gano ƙwayar da ke haddasa shi. Nijeriya ta ba da rahoton mai kanjamau na farko a 1986.

Ido kaɗai yana yaudara. Farin da naman gwari ke yi a baki kamar kindirmo yake, ana goge shi da auduga ya fita. Na Epstein-Barr kuwa ko motsi ba ya yi. Idan shakka ta rage, likita yakan kashe wurin da allura, ya yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa, ya jefa a ruwan fomalin. A ɗakin gwaji a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da bawon albasa, a rina shi da shuɗi da ja, sannan a ɗora a madubin likita. Nan ne ake rarrabe Kaposi da wani ƙarin daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

A Jos, wannan aiki ya tsaya ne a kan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da kuma cibiyar binciken lafiyar baki ta Afirka da ke garin. Asibitin na cikin waɗanda suka fara raba magungunan kanjamau na gwamnatin tarayya a 2002. Daga 2004, tallafin PEPFAR na gwamnatin Amurka ta hannun shirin APIN na Jami'ar Harvard ya faɗaɗa aikin raba maganin ƙwarai, majiyyata na zuwa har daga jihohin maƙwabta. Da magani ya wadata, farin tabon harshe ya ragu sosai. Abin takaici, har yau ana ganin Kaposi a bakin waɗanda kunya ko nisa ya hana zuwa asibiti da wuri.